Injin Ƙanena

Ni na koya wa ƙanena riƙon zarto, amma shi ya fara sayen injin tsaga katako a layinmu na kafintoci a Magajin Gari. Tebur ne na ƙarfe, faifan zarto ya leƙo ta tsakiyarsa. Katakon maɗacin da nake wuni ina fama da shi, kafin ku gama gaisawa ya raba shi biyu. Mutanen Tabanni da suka saba kawo mini aikin ƙofa suka koma wuce shagona zuwa na ƙanena, sai dai su ɗaga mini hannu. Abin ya tsaya mini a rai.

Wata rana aiki ya matse ni, na ɗauki katako na shiga wurinsa. Na ce ya matsa, ni zan yi da kaina. Ina kai hannu sai ya kashe injin.

"Yaya, naɗe hannun rigarka tukuna," in ji shi. "Kuma kada ka tsaya daidai bayan zarton. In ya cafki katakon, kanka zai wurgo shi."

Ya miƙo mini wata 'yar sanda. "In an kusa ƙarshe da wannan ake turawa, ba da yatsa ba."

A gaban masu jiran aiki na yi duk yadda ya ce. Katakon ya fita sumul, irin wanda hannuna bai taɓa fitarwa ba. Ya ce, "Ya ka gani?" Na ce ba laifi.

Na koma shagona ina jin ƙarar injin ta bango, na kasa taɓa komai har la'asar.