Dillalin da Bai Buɗe Baki Ba

Shekara talatin Na'Allah ya yi yana dillancin shanu a karar Kontagora, kuma ban taɓa ganin ya yi tayin saniya bai buɗe bakinta ya duba haƙora ba. Sai ya ɗaga kofato, ya mammatsa hantsa, ya sa a zagaya da ita ya ga tafiyarta. Mai saniya ya yi ta zuba rantsuwa, shi ko a jikinsa. Har tsokanarsa muke yi, wai ko kaza aka ba shi kyauta sai ya leƙa bakinta.

Yana da ƙanwa, Kulu, a wata ruga bayan Ibeto. Shekarar da ɓarayin daji suka kashe mijinta suka kore garken, shanu goma sha ɗaya ne suka tsira. Ta sa aka sayar da su duka, ta kawo wa yayanta kuɗin, ta ce ya ajiye mata su a cikin abin da ba shi da ƙafa, wanda ba za a kora daji ba.

Maƙwabcinsa Filibus, malamin makaranta mai ritaya, shi ya nuna masa wani kamfani a waya. Aikin kamfanin haɗa masu sayen hannun jari da masu sayarwa, ya cire la'adarsa. Nan take Na'Allah ya ga sana'arsa. Ya ce ai wannan ɗan'uwansa ne, farashi ya hau ko ya sauka, dillali ba ya komawa gida hannu rabbana. Saboda haka hannun jarin kamfanin kansa zai saya.

Filibus ya ja kunnensa. Ya ce kamfanin yana da banki kuma, yana karɓar ajiyar mutane yana ba da rance da ita, a bari a binciki su wa yake bai wa. Wannan wurin ne yake ba ni haushi har yau. Na'Allah ya fi kowa sanin ƙarshen dillalin da ya fara juya ajiyar mutane, don a gabansa dillalai biyu irin haka suka gudu daga Kontagora. Amma daɗin ganin sana'arsa a cikin waya ya rufe masa ido, ya ce Filibus ya danna kawai.

Wata takwas aka yi, sai labari ya fito cewa manyan da bankin ya ranta wa sun kasa biya. Masu ajiya suka yi ta kwashe nasu, farashin hannun jarin ya zube. Na'Allah ya rame, ya daina zama a majalisarmu, bai kuma faɗa wa Kulu ba.

Da damina ta faɗi, sai Kulu ta iso a bayan babur. Ta ce ɗanta ya isa kiwo, kuma gefensu ya lafa, a saya mata karsana ko da biyar ne su sake farawa. Abin da ya rage bai wuce kuɗin saniya ɗaya ba. Ranar kasuwa ya nuna wata a can ƙarshen kara, ya biya, ya jawo ta yana kallon ƙasa, ya gaya wa Kulu gaskiya.

Kulu ba ta yi kuka ba. Ta kama muƙamuƙin saniyar ta buɗe, haƙoran duk sun cinye. Ta daɗe tana kallo kafin ta saki.

"Yaya," in ji ta, "ita ma ba ka duba bakinta ba?"