Sunan da Na Fara Rubutawa

Shekara goma sha uku na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke bakin garin Bungudu, kuma har yau idan mota ta bi da ni ta gabanta kawar da kai nake yi. Tun asali ba gwamnati ce ta gina ta ba. Mutanen gari da na ƙauyukan kewaye ne suka yi gayya, wasu suka kwaɓa ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, direbobin tasha suka kawo kwanon rufi. Daga baya aka karɓe ta aka ƙara azuzuwa, amma mutane ba su daina cewa “makarantarmu” ba. Duk kaka, kowane gida mai yaro a ciki yakan kawo damin gero ɗaya. Da shi ake dama kunun da yaran Furfuri da Karakkai ke sha da hantsi, don yawancinsu ba sa karyawa kafin su kamo hanya. A bangon ƙofa an rubuta da shuɗin fenti: Gaskiya, Amana, Aiki. Kullum da safe yara na jere suna maimaitawa, ni ma ina bayansu da tsumagiyata ina maimaitawa, kuma wallahi har zuciyata na yarda da abin.

Abin tinƙahonmu shi ne sakamakon jarrabawar kammala sakandare. Duk shekara idan ya fito akan kafa rumfa a filin makaranta, a gayyaci iyaye da masu unguwanni, a karanta sunan kowane ɗalibi da abin da ya ci. A shekaruna na farko har waɗanda suka faɗi ana kira, liman ya yi musu addu'a, su dawo su maimaita, babu wanda ke jin kunya. Da muka yi suna sai manyan ma'aikatan Gusau suka fara kawo 'ya'yansu a motoci. Sannu a hankali kujerun gaba suka zama nasu, manoman da suka kwaɓa ƙasar suka koma tabarma a baya. Na gani, na yi tsaki, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Shugaban makarantar a lokacin abokin karatuna ne, mutumin Tsafe. Aji ɗaya muka yi a kwalejin horon malamai. Ranar sunan ɗansa na fari ni na tsaya a kan tukunyar shinkafa tun safe har la'asar. A gaban mutane Malama yake ce mini, idan mu biyu ne a ofis Yaya. Da wani ya zo ya ce mini wannan mutumin zai cuce ni, da na wanke shi tas.

Akwai wata yarinya a ajina, 'yar wani manomi daga Karakkai, siririya mai shiru, wadda idan ta gane lissafi sai ta ciji bayan biro tana murmushi ita kaɗai. Da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare ubanta ya so ta tsaya haka, saboda nisan hanya da kuma ciwon uwarta. Ni na hau acaɓa na same shi a gona yana huɗa. Na ce masa yarinyar nan aikin asibiti take so, kuma a ƙauyenku babu mace ko ɗaya a ɗakin shan magani. Ya jingina da garmarsa ya ce, “Malama, in kin ce ta ci gaba, ta ci gaba. Amma ke na ba ɗiyag ga, ba makaranta ba.” Na ce na karɓa, Baba.

A shekararta ta ƙarshe ciwon uwar ya tashi, aka kwantar da ita a asibiti a Gusau, kuma babu mai jinya sai yarinyar. Mako shida ba ta leƙo aji ba. Tana dawowa aka yi jarrabawar gwaji, wadda muke yi wa 'yan ajin ƙarshe kafin babbar, ta faɗi lissafi da Turanci. Ban damu ba. Na san kanta, wata uku ya ishe ni in mayar da ita inda take.

Bayan kwana biyu shugaban ya kira ni ofis. Ya ce, “Yaya, ina so a yi wa yaran da ke baya darasi na musamman bayan an tashi. Ki rubuto mini sunayensu, wanda ya fi bukata a sama, ki sa hannu.” Kai, daɗin da na ji ranar! Har na ce masa Allah ya yi maka albarka, ashe dai kana tunawa da talaka. Na zauna nan take na rubuta suna goma sha ɗaya. Sunan yarinyar na fara sawa. Ba ita ta fi kowa rauni ba, ko kusa. A cikin jerin akwai 'ya'yan wasu manya biyu daga Gusau da ko sau-sau ba su haddace ba. Na sa ta a sama ne don in tabbata ba a tsallake ta ba, don ta samu bencin gaba. Na sa hannu, na rubuta kwanan wata, na miƙa masa ina fara'a.

An fara darasin kuwa, aka yi mako biyu, sai aka ce malamai sun gaji. Ni na ci gaba da koya mata a barandar ajinmu bayan azahar, da sauran da suka ga dama. Mai hoto ya zo ya ɗauki kowa da kowa don rajista, har da ita, ta gyara hijabinta sau uku kafin ta zauna. Babu abin da ya ɗarsu a raina.

Saura kwana goma a fara jarrabawa katunan shiga suka iso. Ni nake kiran suna ina rabawa. Na kai ƙarshe, hannuna ya zama wayam, yara tara na zaune suna kallona, har da yarinyar. Dukansu 'yan ƙauye ne, dukansu suna cikin takardata. Waɗancan biyun na Gusau kuwa katunansu na hannunsu suna fifita da su. Ko a lokacin ban kawo komai game da shugaban ba. Na ruga ofis, ya dafe kai, ya ce inna lillahi, kwamfuta ce ta tsallake su, zai buga waya.

Ni ba na iya jira. Washegari na shiga mota zuwa Gusau, ofishin da ake kai rajistar. Na wuni a benci kafin wani dattijon ma'aikaci ya tausaya mini, ya ɗauko fayil ɗin makarantarmu ya buɗe a gabana. Ya bi sunayen da yatsa har ƙasa, ya sake bi. Ya ce, “Malama, abin da makarantarku ta aiko ke nan, da hatiminta. Sunayen nan ba su taɓa zuwa ba. Rajista kuwa an rufe tun watanni.” Na ce a duba dai. Ya rufe fayil ɗin a hankali ya ce in sha ruwa.

Ban yi sallama ba da na shiga ofishin shugaban. Na ce ƙarya ka yi mini, ƙarya ka yi wa yara, kuma ka ambaci sunan Allah a kai. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda ya shimfiɗa. Ya ce, “Yaya, wannan rubutun wane ne?” Takardar sunayen nan ce da na rubuta, ga sa hannuna a ƙasa. Ya ce shekara uku ke nan a jere babu ɗalibinmu da ya faɗi, kina tsammanin haka kawai abin ke faruwa? Ya ce da wannan sunan ne ake kawo mana kujeru da littattafai, da shi za a gina mana ɗakin gwaje-gwaje, yaro tara ba za su rusa wa ɗaruruwa ba. Ashe tun shekarun baya haka ake yi a ajin wani malami, a tankaɗe masu rauni a zubar, a ce kwamfuta ce. Bana ne aka zo kaina. Na ce to waɗancan biyun fa? Ya ce, “Haba Yaya, kin san 'ya'yan su waye.” Na ce kada ka sake ce mini Yaya har ka mutu. Abin da na faɗa bayan wannan ba zan rubuta shi ba, masinja da ke bakin ƙofa sai da ya gudu.

Na tafi wajen shugaban ƙungiyar iyaye, wani Alhaji mai motocin haya, wanda ubansa na cikin waɗanda suka aza harsashin makarantar. Na zata zai tashi tsaye. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, “Malama, a yi haƙuri, a rufa wa gari asiri.” Nan na gane shi ma ya sani. Kuma a bakinsa na ji an riga an gaya wa iyayen yaran cewa malamar ajinsu ce ta tantance, ta ce ba za su iya ba, ga sa hannunta.

Aka yi jarrabawa, sakamako ya fito, aka kafa rumfa, aka rataya ƙyalle cewa bana ma babu wanda ya faɗi. Ban je ba. Da yamma sai ga ɗan acaɓa da agogon bango a naɗe, wai kyautar malamar da duk ɗalibanta suka ci. Na ce ya mayar wa wanda ya aiko shi. A ƙarshen zangon na nemi canjin wurin aiki.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa Karakkai, kunya ta hana ni. Na tarar da uban a zaure yana gyaran igiya. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya sa aka kawo mini fura, bai ce mini komai ba game da maganar. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na shiga ciki, na sami yarinyar tana surfe a tsakar gida, uwarta na kwance a inuwa. Ta ajiye taɓarya ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum.

Na zauna na faɗa mata komai, tun daga kiran da aka yi mini ofis har zuwa fayil ɗin Gusau. Na ce akwai wata jarrabawar da ake yi a ƙarshen shekara, wadda mutum ke shiga da kansa ba sai ta makaranta ba. Ni zan yi mata rajista, ta zauna gidana, in koya mata safe da yamma. Na rantse mata cewa za ta ci.

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, “Malama, da anka kai Baba ofis an nuna mai takardar. Shi bai iya karatu, amma ni ina tsaye bayanai, na ga rubutunki. Sunana na sama.”

Na ce eh, na sa shi a sama ne don a fi kula da ke.

Ta ce, “Na ji, Malama. Na yarda.” Ta share ido da gefen hijabi. “Amma ko na buɗe littafi yanzu, ba na ganin komi sai takardan nan. Ke kinka fi kowa sanina, kuma da anka ce a rubuta waɗanda ba su iyawa, ni kinka fara tunawa.”

Na buɗe baki in sake yi mata bayani, sai uwarta ta kira ta daga inuwa tana neman ruwa. Ta tashi ta tafi. Na zauna a kan tabarmar har rana ta karkata, ba ta dawo inda nake ba, kuma ba ta taɓa zama jarrabawar ba.