Kwanon da Nake Tura wa Mai Taliya

Tun da na yi wayo ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba sai a Jidda. A gidanmu na Damagaram kwano ɗaya ake ajiye mana mu kewaye, wanda ya tsaya surutu ya tashi da yunwa. Da na zo ma ban ji bambanci ba da farko, domin ɗaki ɗaya muke da ɗan ƙanen babana a unguwar Mahjar, mu yi dakon yadi a kasuwar Bab Makka, mu dawo mu sa hannu a faranti ɗaya. Sai iƙamarsa, wato takardar zama, ta ƙare, kafilinsa da ya tsaya masa ya ƙi sabuntawa, aka sa shi a jirgi. Daga ranar abinci ya daina wuce mini. In sayo shinkafa, in yi loma biyu, in rufe. Har wandona ya fara zamewa.

A bayan layinmu akwai ɗan shagon taliya na wani dattijo mutumin Taiwan. Kuku ne da ya zo da kamfanin gine-gine, kamfanin ya tafi, shi ya tsaya. 'Yan tebura ne kaɗan, da fanka mai ƙara, da tukunyar da ba ta sauka daga wuta. Ba son taliya ya shigar da ni ba. Mutane na hango suna ci, na ce ko ganin bakin wani yana motsi zai buɗe nawa.

Taliya ce mai kauri cikin romon naman shanu, da ganye mai tsami a kai da man barkono. Ya ba ni 'yan sanduna biyu, na juya su na juya, na ga ni da su ba za mu daidaita ba. Ya kawo cokali mai yatsu, ko murmushi bai yi ba. Amma mutanen wurin, kowa ya dulmiya kai a kwanonsa yana zuƙa, ba mai duban wani. Kaɗaicin ya fi na ɗakina ciwo.

Dattijon na goge tebur kusa da ni, sai na yi abin da aka koya mini tun ina ƙarami. Na tura kwanon gabansa na ce, "Bismilla."

Ya dubi kwanon, ya dube ni, fuskarsa ta canza. Ya ɗauke shi ya shige ciki, ya dawo da wani babu barkono. Da na sake zuwa na sake turawa, ya ɗauke, ya kawo wanda babu ganye. Haka muka yi ta yi, ina turawa yana ragewa, har taliyar ta koma kamar abincin majinyaci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato ni ne bai isa a ci abinci da shi ba. Duk da haka ban fasa zuwa ba, don ba ni da inda ya fi.

Wani direba ne ya raba mu, jikan alhazanmu na dā, haifaffen unguwar Sa'alaba, Hausarsa rabi Larabci.

"Ya akhi, me tsohon nan ya yi maka?" in ji shi. "Kullum kana mayar masa da akil. Wallahi miskin, ya rasa inda ya yi galaɗ, inda ya kuskure maka."

"Mayarwa? Tayi nake masa!"

Direban ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya juya ya yi masa bayani da Larabci. Dattijon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza tsumman hannunsa, sannan ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Madam Taiwan. Ana wahid." Wato matarsa na Taiwan, shi kaɗai ne. Ashe shi ma a tsaye yake cin nasa a kicin, idan an sauke ƙofar shago mun tafi salla.

Washegari da na dawo daga magariba na tarar ya ajiye babban kwano a tsakiyar tebur, da barkonon da ganyen duka, da ƙananan kwanuka biyu. Ya fara zuba mini, sannan ya zuba wa kansa ya zauna. Ba haka muke yi a gida ba, amma dai daga kwano ɗaya ne. Na cinye, na ɗaga na shanye romon, na miƙa aka ƙara.

Mun fi shekara a haka. Hirarmu ba ta wuce "kul" da "halas" ba, wato "ci" da "shi ke nan", kuma ta ishe ni.

Wata rana na tarar da ƙofar a sauke. Na tsaya jira kamar lokacin salla ne, alhali daga masallacin nake. Wanzamin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce tsohon ba shi da lafiya, 'ya'yansa sun sa an mayar da shi gida.

Na sayi wake da burodi na koma ɗaki. Na zauna, na buɗe farantin, hannuna ya tura shi gaba da kansa, na ce bismilla. Yana nan inda na tura shi har ya huce. Ko mai ɗauke shi bisa kuskure babu.