Jirgin Kunkuru a Gulbin Maradi

Yayana malamin gona ne a Jiratawa. Wata shekara aka tura shi istaj, wato horon aiki, na sati uku a Koriya, a wani gari na bakin teku. Ya dawo gidanmu na Sabon Gari da leda cike da busassun ƙananan kifi da surutu mara iyaka.

Ya ce a kasuwar garin mata ke yanka kifi da ransa, a dangwala a yaji, a ci ɗanye. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Wayyo, bayin Allah," ta ce. "Itace ne ba su da shi?"

"Inna, haka suke so."

"Kai dai ba su gaya maka gaskiya ba."

Amma abin da ya tafi da hankalinsa jirgin yaƙin kakanninsu ne, mai siffar kunkuru. An rufe bayansa, an kafa masa tsinin ƙarfe don kada abokan gaba su hau, ga kan dodo a gaba yana fitar da hayaƙi. Ya ce da irinsa suka kori jiragen Japan.

Da damina ta kawo ruwa gulbi, sai ya lallashi wani masunci abokinsa a Tibiri. Suka rufe kwalekwalensa da tsohon kwanon rufi, suka jera ƙusoshi tsini sama. Kan dodon kuwa tulun Inna ne, cike da garwashi da ɗanyen ganye. Ni aka ba aikin ɗaukar hoto da waya.

Suka shiga su biyu, aka tura su. Iska ta juyo, hayaƙin duka ya koma ciki. Ba ma ganin kowa, sai tari muke ji, kunkuru na ta kewaya wuri ɗaya.

"Dama, Mushe! Na ce dama!" in ji masuncin, don Mushe, wato Malam, yake kiran Yaya.

"Ina damar take? Ba na ganin hannuna!"

Can suka kafe a rairayi, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Ƙusoshin suka yi aikinsu sosai, don babu wanda ya iya kama rufin ya ɗaga. Wasu mata masu wanki ne suka ja su gaɓa da igiyar shanya.

Yaya ya fito idanu jawur, ya gyara hula, ya tambaye ni ko hoton ya yi kyau. Ashe dariya ta hana ni danna wayar.