Kuben Kaka da Wuƙar Safa

Gidanmu na unguwar La Guillotière, can ƙasar Nasara, ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, kuma babu kusurwar da sanyi bai sani ba. Ba murhu, ba tsakar gida, sai wani risho mai warin kananzir da Baba ya sayo a gwanjo. Gabansa Kaka ke zama bayan magariba, ta naɗe da bargo biyu, ta miƙa ƙafafu kamar za ta gasa su. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina da shekara tara, aka kawo ta daga Damagaram don a yi mata aikin ido. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Baba kuwa ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai "wancan" ko "ubanki".

Mu gidan maƙera ne, ita kuma ɗiyar dukawa ce, masu aikin fata. Kakana ya ƙera, ita ta ɗinka kube, haka suka yi shekara arba'in. Baba ya bar uwar maƙera yana saurayi, ya zo ya kama aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da unguwarmu. Kullum yakan dawo da tari da jajayen idanu. Kaka takan kama hannunsa ta juya, ta yi tsaki.

"Hannun maƙeri ke nan? Ko kanta babu. Allah wadan naka ya lalace!"

Akwai wani abokin aikinsa, Alek, ɗan ƙasar Sikotilan, dogo mai jan gemu. Ɗansa zai yi aure, kuma a al'adarsu ango yakan ɗaura wani zane mai ninki iya gwiwa, ya soke 'yar wuƙa a cikin safa. Da ya ji Baba ɗan maƙera ne, sai ya roƙe shi ya ƙera masa. Baba ya zo da labarin gida yana ta murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Kaka ta yi dariya har idon da aka yi wa aiki ya kawo ruwa.

"Namiji da zane, wuƙa a safa! Kai, Nasara da abin mamaki yake. Wasa yake maka."

Asabar uku Baba ya yi a garejin Alek, sau ɗaya ya tafi da ni. Tsohon magagari ya sa a wuta har ya yi ja, ya yi ta dukansa, ya fitar da ruwan wuƙa da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ya tsoma shi a mai, hayaƙi ya tashi, ya ja da baya yana tari yana dariya. Ƙotar ta wani baƙin itace ce da Alek ya kawo daga ƙasarsu, ya ce ya daɗe binne cikin taɓo. Gefe guda Baba ya sassaƙa masa zane kamar saƙar tabarma, ɗaya gefen ya goge shi sumul don ya kwanta a jikin ƙwauri. Ran nan na san ubana yana da wani mutum a cikinsa wanda ban taɓa gani ba.

Kube kuwa Kaka ta ce nata ne, ba mai taɓa mata. Ta fito da jar fatar akuya da ta zo da ita a ƙasan akwati, ta jiƙa, ta naɗe wuƙar da ita, ta bi da babban yatsa tana dannawa har fatar ta ɗauki siffar ƙarfen. A daren da ta fara ɗinki ne ta ce mini, "Matso, Takwara, ga wata tatsuniya nan tafe, ta biyo sanyi ta same mu."

Wai an yi wata wuƙa da kubenta a ɗakin wani maƙeri, rana ɗaya aka gama su. Wata rana wuƙa ta ji labarin wani gari inda nama ya yi yawa, ta ce wa kube za ta je ta dawo kafin kaka. Kube ya ce ta je, amma ta sani shi fata ne, in ba ta ciki ramewa yake. Wuƙa ta tafi, ta yi yanka, ta yi fiɗa, aka yi ta yabonta. Duk fataken da za su gida sai ta ba su saƙo, a gaida kube, baɗi tana nan tafe. Kube yana rataye a ƙusa, damina ta jiƙa shi, bazara ta busar da shi. Ran da wuƙa ta dawo, ta yi sallama, ta sa kai za ta shiga, sai ta tsaya a rabi. Ta ce a buɗe mata, ai gidanta ne. Kube ya ce ba rufewa ya yi ba, jira ne ya tsuke shi. In ta matsa, ita za ta yanke ɗinkinsa da kanta.

Nan Kaka ta tsaya, ta ja zare da haƙori. Na ce to sai aka yi yaya? Ina ƙurunƙus ɗin?

"Wannan ba ta da shi tukuna. Jeki ki kwanta."

Baba yana zaune a bakin ƙofa da jarida a hannu. Bai juya shafi ko ɗaya ba.

Kwana biyar ta gama. Wallahi ban taɓa ganin kube mai kyansa ba, ja da ɗinkin kore, da 'yan tuntaye a ƙasa. Amma Kaka ta ɗinka masa ƙaton zobe na fata, irin wanda mutanenmu ke zura hannu su ɗaura wuƙa a damtse. Har zuciyarta ba ta yarda akwai mai hankalin da zai sa wuƙa a safa ba. Da zoben da tuntayen, ko safar giwa ba za ta ɗauka ba. Baba ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Inna, ya yi kyau ƙwarai." A ɓoye ya haɗa wani baƙin kube marar ado a garejin, aka kai wa ango.

Ina ruwan Kaka da ɓoye-ɓoye, ai ta riga ta ga nata a aljihun kwat ɗinsa. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ran da za ta koma gida, ta sa kuben a akwati a gabansa, ta ce, "Tun da Nasara bai so, ni ina so. Ka ƙera masa 'yar'uwar waccan, ka kawo mini Damagaram da hannunka. Zan riƙa shafa masa man shanu, amma kada ka daɗe."

Ya ƙera. Dama ya zana siffar ta farkon a kwalin sukari, kafin sanyi ya wuce ya gama ta biyu. Tafiyar ce ta gagara. Bana takardun zama ba su fito ba, baɗi tari ya kwantar da shi a likita, sai kuma aiki ya ƙare, muka tattara muka koma Paris, wani ɗan ɗaki a unguwar Belleville. A shekara ta uku ya naɗe wuƙar ya ba wani Alhaji ɗan kasuwa mai zuwa gida. Bayan wata biyu Alhajin ya hawo mana bene yana haki, ya ajiye ƙunshin yadda aka ba shi.

"Malam, Hajiya ta ce a gaishe ka. Ta ce kuma a tuna maka, da hannunka ta ce."

Na ji haushin Kaka ran nan, ban ɓoye ba. Na ce wace irin tsohuwa ce mai taurin kai haka, mutum yana fama da ƙirjinsa? Baba ya daka mini tsawa, karo na farko a rayuwata. Ya ce da rani zai je, ko da rarrafe ne. Kafin ranin ta rasu.

Alhajin nan dai shi ya kawo kuben, cikin tsumman zanenta. Ya ce har idonta ya rufe gaba ɗaya tana lalube tana shafa masa mai duk Juma'a, sai da hannunta ya gaza. Baba ya zauna a teburin cin abinci, ya yi bisimilla, ya sa tsinin wuƙar a bakin kuben. Wuƙar ta shiga a hankali, ta kai rabi, ta tsaya. Ya ɗan danna, muka ji zare ɗaya ya ce ɗas. Ya cire hannunsa kamar ya taɓa wuta. Ya kife fuska a kan tebur ya yi kuka irin na yara, yana cewa "Inna, Inna", ni kuma da ya saba kirana da sunan nan saboda ita, na rasa ko in amsa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar gori ce, tsohuwa ta sami hanyar zagin ɗanta a gaban jikarta. Sai da na girma, nawa ɗan ya tafi wata ƙasa yana ce mini baɗi, na gane ba zagi ba ne. Ba ta iya kiran sunansa ba, ba ta iya ce masa ina kewarka ba, sai ta ɗinka abin da zai ƙidaya mata kwanaki, ta gaya masa gaskiyar fata.

Baba ma ya bi ta tun tuni. Wuƙar tana wurina yadda ya bar ta, rabi ciki, rabi waje. Duk wanda ya gani sai ya ce in jiƙa fatar, ai za ta buɗe. Na sani, ni jikar dukawa ce. Ba hannuna aka ce ba. Rabin da ke waje shi ke tsatsa, shi nake gogewa duk Juma'a.