Ƙuri'ar Notin Hagu a Hanyar Dapaong

Litinin: Sokodé zuwa Kara

Mun bar zangon Sokodé ƙarfe biyar da kwata, ana sallame asuba. Shekarar babban yajin aiki ce, makarantar da nake koyarwa a rufe take, aikina bai wuce zuwa taro da ɗaga hannu ba. Surukina Alhaji Bukari yana da tsohuwar motar kaya 'yar Japan, da ita yake ciyar da gidansa, ga shi direbansa ya tsallaka Ghana saboda rigima. Na yi kwana uku ina lallaɓarsa kafin ya miƙo mini mukulli, bayan na rantse zan maido ta yadda na karɓa.

Doyar Kparatao muka ɗauko, masu ita mutum bakwai a saman kaya, da wani dattijo, Baba Salifu, a gaba kusa da ni. A Aledjo sojoji suka duba takardu. Bayan Bafilo samari suka gitta gungume, suka tambaye mu ɓangaren da muke. Muka ce ɓangaren doya, aka sauke musu biyu. Ƙarfe takwas muna Kara, kilomita saba'in da biyar. Muka sha koko da ƙosai na sefa ɗari, muka sayi mai a kwalabe.

Tsakanin Kanté da Mango

Sha ɗaya da rabi tayar gaba ta hagu ta sace. Na sa jak, na ɗora sifana a kan noti, na murɗa hagu kamar yadda kowa ke kwance noti. Ko gezau. Baba Salifu ya ce ya yi shekaru yana bin manyan motoci, irin wannan motar notin gefen hagunta dama ake murɗawa ya kwance. Masu doya suka yi masa dariya.

Ni kuwa lokacin kaina cike yake da taro. Na ce zamanin mutum ɗaya ya yanke wa jama'a hukunci ya wuce, a ɗaga hannu. Bakwai suka ce hagu, Baba shi kaɗai ya ce dama. Ni shugaban taro ne, ban jefa ƙuri'a ba. Muka zura dogon bututu a sifana, ƙatti biyu suka hau suna tsalle. Notin ya yi ƙara, ya juya sakwa-sakwa, aka tafa. Sai da muka yi wa na biyu haka na lura juyawa kawai suke, ba su fitowa. Zaren da ke riƙe noti a jikin ƙusa ya cinye.

Baba ya karɓi sifana, ya murɗa dama, huɗun da suka rage suka kwance kamar an shafa musu mai. Biyun da muka kashe da guduma da kurfi aka ɓamɓaro su. Kunya ta ishe ni, tsoron Alhaji kuma ya fi ta. Muka canza taya, da noti huɗu muka lallaɓa, muka ci shinkafa da wake a Mango, muka shiga Dapaong ƙarfe biyar, tafiyar kusan kilomita ɗari uku. A gidan mai masaukin masu doya muka kwana.

Talata: Dapaong

Da hantsi aka kai ni wurin Lare, wani bakanike ɗan ƙabilar Moba, bayan tasha. Ya shafa ƙusoshin da yatsa, ya nuna mini harafin L, alamar zaren hagu, da aka buga a kan kowace, ya tambayi sana'ata. Na ce malamin makaranta ne.

"To, malam, mota naka ba shi da laifi," in ji shi. "Bulon ya rubuta, ga shi a kan ƙusa, kai ne ba ka karanta ba."

Sabuwar ƙusar hagu sai Lomé, Lomé kuwa a kulle take. Ya tono noti biyu na hagu a jikin wata matacciyar mota. Ɗaya ya sa zarto ya yi masa tsaga uku ta ciki, ya mai da shi abin share zare. Ya goge bakin ƙusa ta farko da magagari, ya ɗiga baƙin mai, ya ɗora notin mai tsaga. Rabin juyi gaba, ya dawo baya, ya hure garin ƙarfe, ya sake. Awa guda cur yana wannan, har lafiyayyen noti ya hau da yatsu kawai. Ƙusa ta biyu ya ce ta mutu, zarenta ya shafe sumul.

Na rage murya na roƙe shi ya liƙa mata noti da walda, ko don ido. Ya ce a'a, wata rana wani zai ɗora kaya yana zaton noti shida ke riƙe da tayar. Jaka biyu na sefa ya karɓa, ya ce kada in wuce kilomita arba'in a awa.

Laraba: Komawa

Mun taso ƙarfe shida, mota wayam, shingaye biyar a hanya, muka iso Sokodé bayan la'asar. Alhaji na zaune a ƙofar gida. Ya amsa gaisuwata, ya tashi ya zagaya motar, ya tsuguna a gaban tayar hagu. Na karanto masa jawabin da na shirya tun daga Mango, cewa ba ra'ayina ba ne, jama'a ce ta yanke, bakwai da ɗaya.

Ya daɗe yana kallon ƙusar da ba noti. "Jama'ar na ba mukulli?"

Na ce a'a, Alhaji. Ya buɗe tafin hannunsa, na ajiye masa. Wata huɗu motar ta yi a jingine kafin ƙusa ta samu, don ya ce ba zai ɗora ran kowa a kan noti biyar ba, gidan kuma ya ji a tukunya.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Lare, da mai masaukinmu na Dapaong. Baba Salifu kuwa har gida na bi shi da goro. Ya karɓa, ya ce in gaida sauran bakwai ɗin.