Kunnen Hagun Usta Dahab

Kafin rana ta yi zafi Usta Dahab, ogan masu haɗa sautin biki, ya riga ya iso mashigar jirgin fito a Aswan, amalanken jaki na biye da shi, an jibga mata sifikun da kowacce sai ƙarti biyu ke ɗagawa. Wakensa a tsaye yake ci. Ya kurɓi shayi, ya tsaya kan 'yan dako yana mita: "A hankali mana, ba buhun albasa ba ne!" A tsallaka kogi, a haura tudun rairayi, a sauke a ƙofar gidan biki. Kafin ya jona komai sai ya kafa guntun rodi a ƙasa, ya ɗaura masa wayar tagulla, ya kwarara masa bokitin ruwa, don wutar ƙauye ba ta da mutunci. In an kunna, shi ke fara kai leɓensa ga makirufo. In akwai wanda wuta za ta fizga, shi ne. Sai ya tabbatar lafiya yake ce wa mawaƙi bismillah. Sama da shekara talatin yana haka, ban taɓa jin ango ya ambaci sunansa cikin godiya ba.

Ni Fikri ne, mai kaɗa jitar bes, mai tsirkiya huɗun nan da ba a tunawa da ita sai ta yi shiru. Tare muka tsufa a aikin nan, kuma na gaji. Kafaɗata ta karkace saboda maɗaurin jita, rabin abokan kiɗanmu sun koma tuƙa 'yan yawon buɗe ido, biki kuma yanzu yaro ɗaya da kwamfuta ya ishe shi. Amma kafin in ajiye nawa kayan, sai na faɗi abin da na gani a wurin mutumin nan.

Jitar da nake riƙe da ita shi ya zaɓa. Ya raka ni har Alƙahira, inda na ƙyalla ido a kan wata ja mai walƙiya. Ya karɓa, bai jona ta ba. Ya ɗora haɓarsa a kan katakon, ya ja tsirkiya mai kauri, ya jira.

"Wannan 'yar kwalliya ce, Fikri. Ba ta da numfashi."

"Usta, ka bari a sa mata wuta mu ji."

"Wadda ba ta yi magana babu wuta ba, ko ka jona mata madatsar Aswan gaba ɗaya ba za ta yi ba."

Ya zaƙulo wata tsohuwa daga lungu, fentinta duk ya koɗe. Na dawo gida ina kumbure-kumbure. Har yau ba ta kunyata ni ba.

Bikinmu tafi ne. Maza a jere suna tafawa, mata suna amsawa, kiɗa kuwa rakiya yake yi. In bes ya danne tafi, biki ya mutu ko da ana tsalle. Abokan ango ba su taɓa yarda da wannan ba. Kullum sai wani ya zo da gumi a goshi: "Usta, ƙara mana! So muke a ji mu a wancan ƙetaren!" Shi kuma ya ce, "Su na ƙetaren an gayyace su ne?" In an matsa masa, akwai wani maɓalli a kan na'urarsa da bai haɗa shi da komai ba. Sai ya murza shi har ƙarshe, fuska a murtuke. Saurayi ya ɗaga babban yatsa ya koma fili yana cewa yanzu ya ji kiɗa.

Kai ne ka riƙa kare kunnen jama'a, Usta, ka manta da naka. Lungunan ƙauyukanmu matsattsu ne, gaban makaɗa na masu rawa ne, duk wayar da aka shimfiɗa a nan sai an tattake ta. Don haka teburinka kullum a gindin sifiku yake, kunnenka na dama yana kallonsu. Shekara da shekaru. Da ka fara ƙin amsa sallamar wanda ya zo maka ta dama, mutane suka ce girman kai ya kama ka. Ashe kunnen ne ya tafi.

Bana likita ya gaya masa gaskiya: na dama ya mutu, na hagu saura rabi, kuma in ya ƙara zama gindin sifika zai bi ɗan'uwansa. Ya ce ya ji, ya daina. Sai ga bikin 'yarsa Wahiba, ita kaɗai Allah ya ba shi. Ina zaune a tsakar gidansu ranar da aka yi ta da matarsa, Hajja Nabawiyya.

"Wallahi, Dahab, in ka taɓa akwatunan kiɗan nan sai dai ka nemi mai dafa maka."

Ya juyo gare ni. "Me ta ce?" Yana sane.

Ta zagayo ta hagunsa. "Na ce kurma ba ya jin kukan jika!"

"Ummu Wahiba, babu 'yar da ban yi wa aikin biki ba a ƙauyen nan. Tawa zan bar wa yaran kwamfuta su mai da mata biki tashar mota?"

"To ka yi. In ta kira ka daga gidan miji, sai ka miƙa wa sifikar ta amsa."

Ban taɓa ganin ya tsufa kamar a lokacin ba. Can ya ce, a hankali, shi ba sai ya ji ba zai iya aikin.

Ita da kanta ta murza kakin zuma da auduga ta toshe masa kunnuwan biyu, ta naɗe su da rawani, ta sa ya rantse ba zai kwance ba sai gari ya waye. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, nawa ma haka, don babu wanda ya san ko kaki zai tare wannan ƙara.

Bayan la'asar muka gwada kaya. Ya cire takalmi ya taka ƙasa, ya ɗora kofin shayi a kan akwatin bes, ya dafa katakon da tafin hannu, ya yi mini alama in ja. Shayin ya yi tsalle, ya rage. Na sake ja, shayin ya yi rawa a hankali, ya gyaɗa kai. Da biki ya kankama, idonsa na kan jijiyar wuyan mawaƙi: in ta kumbura, mutumin ba ya jin kansa ke nan, sai ya ƙara masa. Idonsa na kan hannuwan masu tafi: in suna dukan tafi da ƙarfin tsiya, kiɗa ya danne su, sai ya sassauta ni. Na yi biki ba adadi, ban taɓa jin wanda tafi da guɗa da bes suka zauna lafiya kamar wannan ba. Uban amarya kaɗai ne bai ji ko ɗigo ba.

Da safe a bakin kogi, ana shirin tsallakar da amarya, Hajja ta kwance rawanin ta zare audugar. Abin da ya fara faɗa, ni ya kalla:

"Ya yi kuwa?"

Na gyaɗa masa kai. Takaici da tausayi suka cika mini ƙirji.

Wahiba ta matso ta hagunsa. Da gangan ta yi ƙasa da murya, ni da ke kusa da ƙyar na tsinta: "Baba, ka sayar da akwatunan nan."

Ya ɗan ɗauki lokaci yana kallon ruwa. Sannan ya ce, "Na ji. Ai ba sai kin yi mini ihu ba."

Hajja Nabawiyya ta zauna daɓas a kan rairayi, tana kuka tana zaginsa.

Ya sayar ɗin. Yanzu yana zama a inuwar mashiga, kujerarsa a karkace yadda duk mai zuwa zai fito masa ta hagu. Ku matasan da kuka sayi kayansa, ku ɗauki halinsa tare da su. Ku kafa rodi kafin ku kunna, ku bar tafi ya fito, kuma ku toshe kunnuwanku tun kuna da biyu, ko ku tsira da abin da shi bai tsira da shi ba.

Dahab na gindin sifika, mai ɗanɗana wuta kafin mawaƙi, Allah ya saka maka, ya bar maka ragowar nan har ka ji kukan jika. Mun gode, Usta. A hankali na faɗa, ta hagu, kuma na san ka ji.